Sunan Wani a Kan Akwatinmu

Litinin, 6 ga Oktoba

Malama ta raba takardar tafiya yau. Ajinmu zai tsallaka iyaka, mako guda, zuwa wani gari a bakin teku. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai a littafi, inda kullum da yamma ake tsayawa a bakinsa, iska na kaɗa mayafi, wani na tahowa daga nesa.

Tsuntsuwa ta damƙe hannuna a ƙarƙashin tebur. Ni na sa mata wannan sunan a raina, don bakinta ba ya hutawa, kuma ita kaɗai ke zama kusa da ni tun da aka canza mana aji. Ta ce, "Ɗaki ɗaya, ni da ke. Kar ki kuskura ki yi min wannan shirun naki."

Sharaɗi ɗaya ne. Ba a yarda kowa ya riƙe tsabar kuɗi ba, masaukin ma ba sa karɓa. Kowa sai ya nuna katin banki mai aiki a ƙasar waje, da sunansa a jiki, kafin bakwai ga wata mai zuwa. Duk ajin ko a jikinsu. Su da katin aka haife su a hannu, ina ga.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kwana biyu ina juya maganar a baki kafin na iya furta ta. Na bari sai da Baba ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Ya daɗe yana kallon takardar kamar yana karantawa, alhali ni da shi mun san ni ke karanta masa komai na yaren nan.

Ya ce, "Teku? Ruwa ne fa kawai, auta."

Yaya yana kwance da wayar wani da ya kawo gyara gida, ya ce, "Ai Baba mijinta na can yana jira a kan doki. Ko a jirgin ruwa ne a wannan littafin?"

Na so ƙasa ta tsage. Mama ce ta ce a bar ni in je, yarinya ba ta taɓa roƙon komai ba. Baba ya ce to.

Ya ce to!

Talata, 14 ga Oktoba

Banki. Baba ya karɓi hutun rabin yini daga siton da yake aiki, ya zo da rigar aikinsa mai ratsin ɗorawa, kowa na kallonmu. Ko ni ce nake ganin haka.

Mun ɗauki lamba muka zauna. Da aka kira mu, matar da ke bayan kanta ta karɓi takardun izinin zamanmu da yatsu biyu. Farcenta ja, dogaye, suna ƙwas ƙwas a kan na'ura. Ta ce baƙi kati mai aiki cikin gida kawai ake ba su. Mai fita waje sai an kawo wasiƙa daga makaranta, da shaidar albashin uba, sannan a duba.

Ni ce tafinta. Baba na tambaya, "Me ta ce?" ita kuma na cewa, "Ɗaga murya, ba na jin ki." Ina tsakiya kamar ƙyallen da ake ja ta gefe biyu. Akwai abin da ta faɗa da ban fassara masa ba. Ba zan rubuta shi a nan ba ma.

Shekara takwas a garin nan, a makarantarsu na koyi karatu, da yarensu nake mafarki. Baƙuwa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mun koma banki da takardun, an karɓa. Baba ya sa hannu wuri uku. Ya so a aika katin sito, inda duk wasiƙunmu ke zuwa tun zuwanmu, ta ce a'a, sai adireshin da ke kan izinin zama. Gida ke nan. Cikin mako guda zai iso.

A hanya ya saya min ruwan lemo mai sanyi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Tsuntsuwa ta zana yadda za mu raba ɗakin. Ita gadon bango, ni na taga, wai don in samu wurin yin tagumi. Ta san ni fiye da yadda na zata.

Na gwada kayana uku a gaban madubi. Shuɗin ya fi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na nemo makullin akwatin wasiƙa a cikin gwangwanin maɓallan Mama. Ban taɓa buɗe shi ba. Akwatunan na jere a ƙasan bene, kusa da inda ake jingine kekuna, namu na uku daga hagu. Takardun talla ne cunkus a ciki, na takalma da na maganin ciwon gwiwa. Ba kati.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ba kati.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na ga mai kawo wasiƙu yau ma. Tsoho ne mai gajeren wando da jaka a kafaɗa. Ina tsaye a kan matakala ina kallonsa yana bin akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce ma na gan shi, har ya tsaya a gaban namu da wata farar ambulan, ya duba, ya duba, ya mayar jaka. Na ce a raina ba tamu ba ce. Na shirya gaisuwar a bakina, na shirya tambayar, ya ɗago kai ya yi min murmushi, na juya na haye sama da gudu kamar an biyo ni.

Me ke damuna ne wai?

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na yi wa mai kawo wasiƙun magana. Tsuntsuwa ce ta rantse in ban tambaya ba za ta zo da kanta ta tara mana jama'a.

Ya ce, "Wane akwati?" Na nuna. Ya sa yatsa a kan ɗan ƙarfen da ke jikin murfin. Sunan wani ne. Sunan tsohon da ya zauna a gidan kafin mu, wanda ko ganinsa ba mu taɓa yi ba. Ya ce wasiƙar banki ba a jefa ta inda suna bai dace ba, doka ce. Ya zo da ita sau biyu, ya mayar. "Na zaci babu kowa mai wannan sunan a ginin nan, 'yata."

Babu kowa mai wannan sunan.

Kullum ina wuce akwatin nan, safe da yamma, ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba. Haka na tashi na gan shi. Kamar akwatunan kaya da ke saman kabad, a ɗaure da igiya. Kamar zanin gado da muka rataya a taga, alhali Mama labule take ɗinka wa mutane, ɗakinmu cike da labulen wasu masu nauyi da kyau. In ka tambaya amsar ɗaya ce: tafiya za mu yi. Baɗi. Baɗin da ba ta zuwa.

Da yamma na gaya wa Baba. Na ce a sa sunanmu. Ya ce, "Baƙo raɓa ne. Wanda ya kafa sunansa a ƙofar mutane ya ce ya zauna ke nan. Ni ban zauna ba."

Mama ta ce, "Malam, takarda ce kawai."

Ya ce, "Da takarda ake farawa."

Yaya ma yau bai yi tsokana ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na je banki ni kaɗai bayan an tashi. Mai jan farce ce dai. Ta ce duk katin da ya dawo lalata shi ake yi. Za a buga wani, kwana goma na aiki. Na ce ba za a ba ni a hannu ba? Ta ce ba a yi. Na ce ranar Juma'a ake rufewa a makaranta. Ta ce, "Ayya," tana danna lamba ta gaba.

A littafi a nan ne wani zai taso daga ofishin ciki, mai kwat da sanyin murya, ya ce me ke faruwa a nan. Na tsaya na ɗan jira, wallahi na jira. Mai gadi ne ya zo ya ce in matsa.

Baba ya yarda a sa sunanmu a kan akwatin. A takarda, da fensir, a manne da salatif, kuma ranar da katin ya zo a cire. Ni na rubuta. Ya yi kama da sanarwar cigiya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na nuna wa Malama rasidin banki. Ta yi kirki, shi ya fi ciwo. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba, kamfanin tafiyar ne, sai lambar katin da kanta. Na ce Baba zai ba ni nasa. Ta ce da sunana ake so, kuma nasa ma ai ba ya fita waje, ko?

Baba ya ce zai sa Mama ta ɗinke min kuɗi a cikin haɓar riga, haka ya yi da zai zo ƙasar nan, kuma ga shi ya iso lafiya. Yana faɗa yana dariya. Bai gane ba. Ko ya gane ne yake dariyar, ban sani ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

An cire sunana daga jerin masu tafiya.

Tsuntsuwa ta yi kuka fiye da ni. Sannan aka ce dole kowa ya samu abokin ɗaki kafin a tashi, sai ta koma wajen doguwar nan mai wasan ƙwallon raga. Me za ta yi? Ba laifinta ba ne. Na rubuta wannan sau biyu a bayan littafin lissafi ko zai shiga kaina.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Sun tafi. Mu huɗu muka rage, an zuba mu a ɗakin karatu an ce mu yi bita. Ɗaya ya karye a ƙafa, biyu an hana su saboda faɗa. Sai ni.

Mama ta ce haƙuri maganin zaman duniya. Na ce to ai mu ba zama muke yi ba. Ta kalle ni, allura a baki. Ban taɓa mayar mata da magana ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Hotuna. Tsuntsuwa da doguwar, ƙafafu a cikin ruwa, gashi a jiƙe. Ta rubuto, "Da kina nan!" da zuciyoyi biyar. Doguwar ce ta samu gadon taga.

Tekun ma toka-toka ne. Ba shuɗi ba.

Na buɗe littafin da nake karantawa, jarumar na zaune tana hawaye tana jiran a zo a ɗauke ta. Tun babi na huɗu take jira. Na ji kamar in mare ta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Katin ya zo. Kwana goman ma bai cika ba, don a ƙara min haushi. Ihu bayan hari.

Tsohon mai kawo wasiƙu da kansa ya miƙo min, yana murna kamar ya kawo albishir. Kore ne, mai sheƙi, sunana a jiki da haruffa masu tudu. Na shafa su da yatsa. Yana aiki a ƙasa fiye da ɗari, in ji takardar da ke ciki. Na saka shi a gwangwanin maɓalli.

Baba ya ce, "To alhamdulillahi. Sai a cire waccan takardar." Na ce to.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Sun dawo da wasu kalmomi da su kaɗai ke gane abin dariyar ciki. Tsuntsuwa ta kawo min ƙwanson dodon koɗi a cikin tishu, ta rungume ni, sannan doguwar ta kira ta daga bayan aji ta ce ta zo ta ga wani abu. Ta ce min, "Minti ɗaya." Har aka tashi.

Takardar sunanmu ba ta jikin akwatin da na dawo gida. Sai alamar salatif. Ba sai na tambaya ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ranar Talata na sake manna wata, da biro. Laraba da safe babu ita. A tebur ɗaya muka ci abinci, har Baba ya miƙo min gishiri.

Yau na ari alƙalamin da Yaya ke rubutu a bayan wayoyi, baƙi, wanda ba ya gogewa. A kan ƙarfen na rubuta, bisa sunan tsohon, manya-manya. Matar hawa na biyu ta tsaya da kekenta tana kallona. Na ce mata barka da yamma, mu ne na hawa na uku. Ta ce ai ta daɗe tana son sanin sunanmu.

Baba ya shigo ɗazu. Na ji takunsa ya tsaya a ƙasa, ya daɗe, sannan ya hau. Ya wanke hannu ya tambayi Mama ko akwai shayi.

Ba wani abu na yi ba. Don tsohon nan mai kawo wasiƙu ne kawai, kar ya riƙa wahalar kawowa da mayarwa.

Wai Mama ta ce muryata ta canza kwanan nan. Mura ce.