An Wanke Zanin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa ciwon bayan nan naki ya yi sauƙi. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Mu nan da sauƙi. Jaririyata, takwarar Inna, ta cika wata uku, ta fara dariya, kumatu har suna neman rufe mata ido. Babanta yana kan hanya da babbar mota kamar kullum, kwana biyu a gida, goma a titi. Na ce bari in rubuta ne, don in na kira ki a waya kuka ke ƙwace maganar.

Yaya, hutun haihuwata ya ƙare, ran Litinin zan koma aiki a kamfanin ɗinki. Shugabar layinmu ta aiko cewa ta kare ni iya karewa, in ban zo ba wata za a ɗora a kan kekena na ɗinka maɓalli. Ban ga laifinta ba. Kin san ban taɓa tunanin wanda zai riƙe min yarinya ba, tunda cikin yana wata huɗu Inna ta ce kada in kuskura in kai mata jika hannun bare tana da rai. Ta kuwa cika maganarta. Sati biyar ta goya ta, sannan ta tafi ta bar ni da neman baren.

Na fara da matar da ke ƙasan benenmu. Ɗaki ɗaya cike da yara, talabijin na ihu, wani na tsotsar silifas a bayan ƙofa. Da na tambaye ta su nawa ne, ta ƙirga sau biyu, kowane ƙirge da adadin da ya ba ta. Sai wata tsohuwa a bayan kanti, mai kirki ƙwarai, amma muna cikin magana ta ɓingire da gyangyaɗi, ga ƙofarta a bakin titi. Ta ukun tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, kowa Sista yake ce mata. Yara huɗu kacal take karɓa. Maƙwabta suna tsokanarta wai ko ƙuda sai ya cire takalmi kafin ya shiga gidanta. Ta riƙe Takwara yadda ya kamata, ta duba bayan kunnenta da tsakanin yatsunta, ta tambayi rigakafi ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma jero min dokokinta, ciki har da cewa duk abin da aka kawo daga gida, ranar farko sai ta tafasa shi ta wanke kafin ya taɓa yaro. Na gyaɗa kai, alhali hankalina na kan yarinyar. Muka yi da ita zan kawo ta ran Alhamis ta yi rabin wuni don gwaji.

Kin tuna zanin Inna mai ruwan ƙasa, wanda take goyo da shi? Tun da ta rasu ruwa bai taɓa shi ba. A leda nake ƙulle shi ƙarƙashin matashi, don har yanzu akwai ita a jiki: man zafin da take shafa wa gwiwa, da hayaƙin girki, da ɗan turaren nan nata. In abin ya taso min sai in kwance ledar kaɗan, in shaƙa, in mayar in ƙulle. Ran Alhamis na sa shi cikin jakar Takwara, wai don kada ta ji baƙunta. Ban yi wa Sista bayani ba, kunya na ji ta ga mace da girmanta tana ɓoyon zani mai datti.

Da azahar na koma. Tun daga bakin ƙofa na hango zanin a kan igiya, yana ɗigar ruwa. Na ruga na kai shi hancina, gefe da gefe, har wajen da Inna take ƙulli a ƙirji. Sabulu kawai. Na zauna a ƙasa. Sista ta fito da fara'arta tana cewa zanin nan ya ba ta wuya, sai da ta sake masa ruwa uku. Da na samu bakin faɗa mata ko na wane ne, sai ta zauna a ƙasa kusa da ni, ita da ba ta yarda ko gefen zaninta ya taɓa ƙasa. Ta ce, "'Yata, da kin faɗa min."

Abin da ya fi ci min rai, Yaya, Takwara ba ta ma nemi zanin ba. Awa uku ta yi tana barci a cikin farin tawul. Ashe ni ce jaririyar. Babanta ya ce a waya zani ai zani ne, in yi haƙuri, na kashe wayar. Ji nake kamar ranar aka sake fita da Inna daga gidan, kuma wannan karon ni na miƙa ta da hannuna.

Ran Litinin wurin Sista zan kai ta. Babu wadda ta fi ta, kuma ba ni da wata. Kullum da safe zan wuce ta ƙarƙashin igiyar nan, ban san yadda zan yi ba. Zanin na goge shi na ninke, yana cikin akwati tare da sauran zannuwa.

Ki gaida maigida, da 'yan biyu, da Kawu in kin leƙa shi. Sannan ina roƙonki abu ɗaya. Ɗankwalin Inna da kika tafi da shi, don Allah kada ki wanke. Kada ma ki aiko, hanya za ta cinye abin da ya rage. Ki dai shinshina, ki rubuto min yadda yake, don na fara mantawa.

Ƙanwarki,
Autar Inna