Gudumar da Na Ɗaga wa Inji

Zuwa ga mai filin shawara,

Ki taimake ni kafin in aikata abin da za a buga a shafin farko na jaridarku maimakon wannan lungun naki. Na riga na karya wa mijina yatsu biyu da guduma, kuma har yanzu da nake wannan rubutu hannuna bai daina ƙaiƙayi ba.

Bari in fara daga gawar. Haka nake kiranta. Shi kuwa Tsohuwa yake ce mata, da wata tattausar murya da bai taɓa kirana da ita ba. Wata tsohuwar ƙaramar bas ce mai ɗaki a ciki, da gado mai naɗewa da ɗan murhu da labule a taga, injinta a baya. Ya saye ta shekarar da ya yi ritaya daga aikin safiyo, aka jawo ta da igiya har tsakar gidanmu. Ya dafa ta ya ce da zarar ya sabunta injin za mu kulle gida mu kama hanya, mu kwana duk inda rana ta faɗi mana, har sai na ga teku da idona. Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce. Ƙuruciyata ta ƙare ina miƙa wa mutane littattafan tafiye-tafiye ina buga musu hatimi, ni kuwa ban taɓa yin nisan da zan rasa mai gane ni ba. Kin ga abin da ya sa na yarda.

Na yarda aka sauke injin a falona. Na yarda fistan-fistan suka kwana cikin kananzir a kwanonin da na fi ji da su. Bawul-bawul ya jera su a kiret ɗin ƙwai a kan teburin cin abinci, kowane da raminsa, wanda ya taɓa ya shiga uku. Buroshin haƙorina ya ɓata, na same shi baƙi wuluk a cikin kafireta. Rigar filona ta zama tsumman goge hannu. Shekaru aka yi shayin gidan nan yana warin baƙin mai, autarmu har ta daina kawo ƙawayenta. Duk na shanye, don na ɗauka ina biyan kuɗin hanya ne.

A ƙarshe injin ya koma cikin motar, na ce alhamdu lillahi. Sai aka shiga babin uzuri. Yau kafireta na shan mai, gobe bawul na ƙara, jibi fulogi ba ya ba da wuta. Da na gaji na aro littafin gyaran irin wannan injin a wurin aiki, na karance shi tas kamar mai shirin jarrabawa. Ko rabin wahalar da yake faɗa babu ita a ciki. Amma na ce a raina namiji ne, a bar shi da girmansa.

Ba motar kaɗai ba ce fa. Mutumin nan ya canza min gaba ɗaya. Ƙaramar motarmu da muke zirga-zirga da ita ya ɗauka ya ba babbar 'yarmu, ko shawara bai yi da ni ba, wai ta fi mu buƙata. Yanzu ni da shi sai motar haya. Rannan na zo ta gefensa a bakin titi ina ɗaga masa hannu, ya wuce ni kamar falwaya. Ya zuba shayi rabi a kofi rabi a kan tebur, ya bar min gogewa. Ya bangaji bakin ƙofa ya ce ni na matsar da kujera. Kuma kullum sai ya ƙwala min kira daga kicin in karanta masa lambar da ke jikin sifanar kwance noti, wai maiƙo ya rufe ta. Ni da na karanta littattafan da ko ɗaga su ba zai iya ba, na koma mai karanta sifana.

To ga ranar. Bututun ruwa ya fashe a wurin aiki, aka sallame mu da hantsi. Tun daga kwanar layinmu na ji wani inji yana kuka, sumul, ba tari ba gargada. Na leƙa ta ramin get. Gawar ce ta tashi. Yana zaune a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari, ido a rufe, motar na tsaye inda take. 'Yar'uwa, kuka na yi a bakin get ɗin nan kamar yarinya. Na ce bari in bar shi ya ba ni albishir da bakinsa. Na juya na tafi kasuwa na sayi jakar tafiya da hular rana, ni da shekaruna, na dawo lokacin da na saba dawowa.

Kafireta na tarar a kan teburin cin abinci, a warwatse. Ya ɗago ya ce min har yanzu dai Tsohuwa ta ƙi tashi, sai haƙuri.

Na ɗauki jan farce na ɗiga a kan notinan kafiretar bayan ya mayar da ita, ina lura. Duk lokacin da na duba sai in ga ɗigon ya karye. Yana haɗawa idan na fita, ya tayar, ya sha zamansa a ciki, ya kwance kafin in dawo. Maƙwabciyarmu tela da na ɗan bugi cikinta dariya ta yi, ta ce ai sun daɗe suna jin ta, har yaranta sun san lokacin. Layi guda ya sani. Ni kaɗai ce sokuwar da ke ɗauke da hular rana.

Ranar Asabar na same shi durƙushe a bayan motar, murfin injin a buɗe, yana sake kwance abin da ya haɗa jiya. Na tambaye shi yaushe za mu tafi. Ya ce saura ƙiris. Gudumar tana nan a ƙasa kusa da ƙafata. Na ɗauke ta na fara da fitilun baya. Na zaga na kai wa gilashin gaban motar bugu ɗaya, ya zube kamar ƙanƙara. Na fizge labulen da na ɗinka da hannuna na yayyaga. Na dawo kan injin na dinga narka wa kafiretar nan guduma har ta koma kamar gwangwanin da mota ta taka, fetur na tsartuwa a fuskata, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Sai ya shimfiɗa hannunsa a kan injin. Ta gefen hagunsa nake, gudumar ta riga ta taho, kuma ko ƙiftawa bai yi ba, bai janye ba. Na ji ƙarar ƙashin. Har yau ina jin ta idan na rufe littafi.

A asibiti ya ce wa likita jek ɗin ɗaga mota ne ya zame. Haka ya faɗa wa yaran. Suna ta yi min sannu da jinya. Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona min rai, don ko laifina bai bari na mallaka ba. Ina ba shi abinci a baki ina ji kamar in cusa masa cokalin har maƙogwaro.

Na san amsar, ba sai an faɗa min ba. Ya gwammace ya kwance inji har ya mutu da a rufe shi cikin gwangwani ɗaya da ni da bakina. Na san ina da baki. Da shi ya aure ni.

Na yi magana da masu sayen ƙarafa, za su zo ƙarshen mako su yanka ta gunduwa-gunduwa a gabansa. Jakar nan kuma ta cika, zan koma wurin yayata. Ki faɗa min in fara da wanne.

Mai Hular Rana

*

'Yar'uwa Mai Hular Rana,

Kada ki fara da ko ɗaya. Ki kira masu ƙarafan yau ki ce kin fasa. Gudumar kuma ki ba maƙwabciyarki tela ta ajiye miki.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Kin karya wa mutum ƙashi. Da namiji ne ya rubuto min cewa ya yi wa matarsa haka, ba zan tsaya sauraron labarin rigar filo ba, ke ma ba zan sassauta miki ba don kin iya rubutu. Na yarda inji kika nufa, amma wanda ya ɗaga guduma kusa da mutum ya riga ya yarda da duk inda ta sauka. Kuma kin ce hannunki na ƙaiƙayi har yanzu. Wannan ba abin wasa ba ne. Ki je ki ga likita ko mai ba da shawara kan fushi, cikin makon nan. Idan kin ji ba ki amince da kanki kusa da shi ba, ki kwana biyu wurin yayarki, wata cikin yaran ta karɓi jinyar. Sannan ki tara su ki faɗa musu ba jek ba ne. Kin ce ya hana ki mallakar laifinki. To ga hanyar karɓarsa.

Shi ma bai kuɓuta a wurina ba. Ya yi miki alkawari, kika biya shi da falonki da shekarunki, ya mayar da ke abin dariyar layi. Yaudara ce, ko mene ne dalilinta, kuma kina bin sa bayani da ban haƙuri. Fushinki yana da tushe. Abin da kika yi da shi ne ba shi da uzuri.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki, a hankali, kamar wata ce ta rubuta. Mutum ya rabu da motar da yake tuƙawa ba dalili. Ya wuce matarsa da ta zo ta gefe. Yana zuba shayi a kan tebur, yana karo da ƙofa, ba ya iya karanta lambar sifana. Guduma ta taho ta hagunsa bai ƙifta ba. Kin lissafa su a matsayin laifuffuka, ni kuwa alamomi nake gani. Ni ba likita ba ce, kuma zan iya yin kuskure, amma ina zargin mijinki ba ya gani sosai, kuma ya daɗe da sanin haka. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana auna ƙasa da ido, ya yi wa matarsa alkawarin teku, ranar da injin nan ya tashi ita ce ranar da dole ya ce ba zai iya tuƙi ba. Ina jin shi ya sa ranar ta ƙi zuwa. Mai gudun tafiya da matarsa ba ya zama riƙe da sitiyari a tsakar gida.

Wannan ya fi motar gaggawa. Akwai ciwon ido da ke cin gani daga gefe a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma sau da yawa ana iya tsare abin da ya rage idan an je da wuri. Ki kai shi wurin likitan ido kafin a cire masa filasta. Kafin nan ki zauna a gabansa, ba ta gefe ba, ki ba shi haƙuri kan hannunsa, ki tambaye shi ko idonsa lafiya. Tambaya ɗaya. Daga nan ki kama bakin nan naki, komai daɗewar shirunsa, har ya amsa.

Idan aka duba idon garau yake, kuma abin da kike tsoro ne gaskiya, to jakarki tana nan, sai ki yanke shawara da sanyin kai, hannunki ba komai. Idan kuwa zargina ya tabbata, gidanku yana da duk abin da tafiyar ke buƙata, rabon aikin ne kawai bai yi daidai ba. Kafireta da gilashi ana samun na hannu. Kin haddace littafin gyaran, shi kuma kunnensa ya san kukan injin nan. Ki riƙe sifanar, ya faɗa miki inda za ki ɗaura. Kuma duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika ce kin iya tuƙi ba. Ki shiga makarantar koyon mota. Shi alkawari ya yi za ki ga teku, bai ce lallai shi zai ja ba.

Allah ya ba shi lafiyar hannu da ta ido, ya sanyaya miki zuciya. Kada ki mayar da hular nan kasuwa tukuna.