Kwamfutar Tana Matameye, Gwaggo Tana Dawce

Hajiya Sa'a, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake ni kaina ban hango mafita ba. Ni tsohon mushe ne a Matameye, shekara talatin ina koyar da yara a lakwal kafin in ajiye aiki. Abin da ya hana ni sakat shi ne Gwaggo Baiwa, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a Dawce. Ta haura tamanin da biyar, kuma ita kaɗai ta rage da ta san asalin gidanmu: wa ya haifi wa, daga ina kakanninmu suka taso, wace yunwa ta raba su, da kirarin kowannensu. Na ɗaukar wa kaina alkawarin rubuta duka tun tana da rai.

Bara ɗana Marwan, da ke cin rani a Kano, ya kira ni ya ce zai sayo mini kwamfuta, in zaɓa tsakanin ta tebur da ƙaramar da ake sawa a jaka. Ya yi ta lallashina in karɓi ƙaramar, na ƙi. Hajiya, kin san halin garinmu. Duk abin da hannu ɗaya zai iya ɗauka ba naka ba ne. Rediyona ya tafi aro gidan suna yau shekara uku, tsanina ban ma san unguwar da yake ba, kekena kuwa sai dai in hange shi ranar kasuwa ƙarƙashin wani. Kuma ba a cewa a'a, wanda ya faɗa ya zama marowaci har jikokinsa. Na san in ƙaramar ta shigo, yau ɗan wane zai kalli fim, gobe 'yar wance za ta yi aikin lakwal. Sai na zaɓi ƙatuwar, mai akwati da gilashi da tarin igiyoyi, wadda sai da amalanke za a fitar da ita. Har ina yaba wa kaina wayo.

To, gaskiya ba wanda ya ara. Amma tana ɗakina a Matameye, Gwaggo tana kwance a Dawce, ƙafa ta daina ɗaukarta, gidan kuma ba wuta. Sai in hau taksi in je in saurare ta, in dawo in tarar an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in jira wuni ko kwana. Kafin in zauna, rabin sunayen sun zube a hanya. Za ki ce in tafi da littafi da biro. Na gwada. Tana ganin takarda ta tsuke baki, domin a saninta ba mai rubuta sunan mutum sai mai karɓar lanho, harajin da ya kori mahaifinta daga gari. Ta rantse ba za a sa matattunta a takarda ba.

Makon jiya ta kira ni da sunan mahaifina, ta maimaita labarin da ta ba ni lokacin kaka, amma da wasu sunaye daban. Na dawo na zauna gaban wannan jibgegiyar aba na yi kuka, ni da furfurata. Marwan ya ce in ya dawo da damina zai musanya mini da ƙaramar. Damina saura wata huɗu. In jira? Ƙaramar za ta fisshe ni, ko dai na riga na makara?

Tsohon mushe, Matameye

Mushe, Allah ya ba Gwaggo sauƙi. Bari mu fara da abin da ka tambaya. Ta tebur ta fi ƙarko, ta fi sauƙin gyara, gilashinta kuma ya fi dacewa da idon dattijo, amma ba ta motsi kuma ba ta aiki sai da wuta. Ƙaramar tana bin ka ko'ina, tana riƙe caji, sai dai in ta hannu ce, wadda wani ya riga ya yi aiki da ita, batirin yakan zo a gajiye, ba ta son zafi, ba ta son jijjigar mota, masu aro kuma za su yi maka layi kamar yadda ka faɗa. Don zaman gida da dogon rubutu, zaɓinka ba wauta ba ne. Kuskurenka ɗaya: ka tuna da maƙwabta, ka manta inda aikin yake.

Amma kada ka ɗora rai a kan musanya. Tsohuwar da biro ya rufe wa baki ba za ta saki jiki gaban allo mai haske ba. Kuma wanda ya fara haɗa sunaye ba a yi masa alkawarin wata huɗu.

Ba zan ɓoye maka ba, wani abin ya riga ya tafi, kuma ba injin da zai dawo da shi. Ka daina zirga-zirga, ka ɗauki jakarka ka tare a Dawce. Ka zauna da ita da hantsi, bayan ta karya, lokacin da kai ya fi washewa. Kada ka tsare ta da tambaya kamar ɗalibi, ka bar ta ta bi hanyarta. In ta kira ka da sunan mahaifinka ka amsa, domin ƙanwa takan gaya wa wanta abin da ba ta gaya wa ɗa.

Batun takarda kuwa, kada ka yi mata ɓoye, ko da biro ko da salula, wato wayar hannu. Ka gaya mata kana so ne jikoki su riƙa yi wa kakanninsu addu'a da sunayensu. In ta yarda, ka fita zaure nan take ka rubuta, inda ta ba ka suna biyu ka sa duka biyun. In ta ƙi, ka kira wata 'yarka ku saurara tare, ku riƙe abin da kai zai iya ɗauka.

Littafin ba zai cika ba, Mushe, gara ka sani tun yanzu. Za a samu gurabe da ba mai cike su har abada. Ka rufe kwamfutar da zane, ka hau motar farko gobe da safe. Allah ya sa ka same ta tana gane ka.