Gyaran Kawu Sanda

Manchester,
12 ga Maris, 2006

Zuwa ga Yaya Sahada,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, da maigida da su Hikma. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, Yaya, na faɗi jarrabawar. Gara ki ji daga gare ni kafin matan Balsall Heath na can Birmingham ɗinku su kawo miki an sa gishiri.

Kin san tun bara nake neman satifiket ɗin Linux, tsarin nan na kyauta da manyan kwamfutocin jami'armu ke aiki da shi. Shi kaɗai zai ɗaga ni daga kujerar amsa waya, inda nake wuni ina tuna wa furofesoshi su kunna soket. Shugabanmu ya ce in na kawo shi kafin bikin Ista, gurbin mai kula da kwamfutocin nawa ne. Jarrabawar kuwa ba ta hadda ba ce, inji ake ba ka ka gyara a gabansu. Shi ya sa na sayi tsohuwar kwamfuta na ɗora mata Linux, duk atisayen da na tara yana ciki.

Saura mako ɗaya a yi jarrabawar, sai ga Kawu Sanda daga Birmingham. Baƙo ne, kuma ƙanin mahaifiyar mijina Kamaldeen, dole na bar masa ɗakin da take. Ya kunna ya ga baƙin allo da farin rubutu, babu hoto ko ɗaya, ya yanke cewa ta lalace, kunya ce ta hana ni faɗa. Ina wurin aiki ya sa ta a tasi zuwa wani shago, aka goge komai aka sa Windows. Mijin nawa ne ya riƙe masa ƙofa.

Na dawo na tarar an lulluɓe ta da ɗankwalina, Kawu na ta murmushi. Kamaldeen ya zare mini ido. Yaya, na durƙusa na yi godiya. Har albarka aka sa mini.

Na sake ɗora mata Linux, amma mako ɗaya ba ya mayar da aikin shekara. Da aka ji na faɗi ko Ista ba a jira ba, gurbin an ba wani da ni na nuna masa inda banɗaki yake ranar da ya fara.

Kawu bai sani ba, na yafe masa, ko da yake an ce yana yawo da labarin mai karatun kwamfutar da ta kasa gyara tata. Kamaldeen ne ya tsaya mini a rai. Ya san abin da ke cikinta sarai. Cewa ya yi jarrabawa ana sake ta, amma ba a gwale babba.

To, zan sake ta, amma ba daga gidan nan ba. Ki share mini lungu a gidanki na Perry Barr. Kwamfutar zan fara aikowa, ni kuma ina nan ina tunani.

Ki gai da kowa, ki sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa,
Wasilatu