Katin Baba Yakaka

Gashua,
4 ga Maris.

Zuwa ga matata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Nguru.

Aikin binciken digirina ya kankama. Mata ɗari uku muka yi wa rajista gida-gida, kowacce da katinta, don gano yawan masu maƙoƙo da waɗanda nasu ya zama cutar kansa, wato ciwon daji. Ma'aikatan jinya mata ne ke duba su a ɗaki, in sun ji kullutu a wuya su ɗebi samfur da allura a aika Kano. Ni takardu kawai nake gani. Hajja kuwa, mahaifiyarki, ƙememe ta ƙi. Wai surukinta ba zai karanta labarin wuyanta ba. Har dariya na yi.

Jiya dariyar ta ƙare. Sakamako ya iso, mace ɗaya na da kansa, kuma Baba Yakaka ce, aminiyar Hajja. Na kasa tunkararta, sai ɗanta Dunoma na gaya wa. Ya roƙe ni a ɓoye mata kada ta karaya, in ya haɗa guzuri ya kai ta Kano da sunan ƙarin gwaji. Na yarda. Ki riƙe wannan a cikinki.

Mijinki,
Munzali.

Gashua,
19 ga Afrilu.

Ikilima,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Sau uku na ɗauki waya ina ajiyewa, shi ya sa na ba direba wannan takarda. Ki zauna kafin ki karanta.

Dunoma ya kai Baba Yakaka Kano. Likita ya duba, ya ɗauki hoto, wuyanta lafiya lau. Da aka matsa da tambaya, sai ta ce ai ita ba a taɓa duba ta ba. Ranar gwajin ta ba Hajja katinta. Ashe Hajja ta fi shekara tana jin kullutu ƙarƙashin mayafinta. Tana son a duba, tana kunyar in ga sunanta, shi ne ta shiga da sunan ƙawarta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sakamakon nan na Hajja ne.

Mako shida takardar na kan teburina, Ikilima! Kowace Juma'a ina zuwa in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ina jin muryarta a dashe, ina cewa mura ce. Ni da na rubuta shafi guda a kan dashewar murya a matsayin alamar cutar. Da na gaya wa Baba Yakaka kai tsaye yadda ƙa'idar aikina ta ce, da a ranar gaskiya ta fito. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Likitan ya ce irin wannan galibi tana jin tiyata, amma kada a ƙara jinkiri. Ya ba mu Litinin mu kai Hajja.

Ɗazu na je gidan Hajja da niyyar faɗa mata. Ta sa aka kawo min ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa min albarka. Na sha ruwan na fito.

Ki shigo motar farko gobe, don Allah. Har yanzu ba ta sani ba.

Naki,
Munzali.