Golanmu Ya Ƙi Fenta Kwalkwalinsa

Malama Zdenka, ki taimaka mini kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Ni ne manajan kulob ɗin hokin ƙanƙara na garinmu, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Kakar wasa ta zo ƙarshe, muna gindin tebur, in muka faɗa rukunin ƙasa kamfanin katakon da ke ɗaukar nauyinmu zai janye, kulob ya mutu a hannuna.

Matsalata gola ce. Farkon kaka na sallami tsohon golanmu Tibor, gwiwoyinsa sun gaji, na kira shi a waya na faɗa masa, shi ke nan. Na kawo wani, bai yi ba. Na kawo wani, shi ma rariya. Yanzu ga Radovan, wanda kowa ya rantse mini bango ne. A atisaye ko iska ba ta wuce shi, amma ranar wasa daga nesa ake ɗirka masa ƙwallo. Ni kam ban yarda da shi ba.

Duba ki gani. Har yau kwalkwalinsa da launin tsohon kulob ɗinsa yake, na yi magana ya ce ba sauri. Matarsa ba ta taso ta biyo shi garinmu ba. An gan shi yana cin abincin nan namu halushki da golan kulob ɗin da za mu kara da su, suna ta ƙyalƙyala dariya. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, yaranmu sun daina buga sandunansu a kariyar ƙafarsa kafin wasa kamar yadda aka saba yi wa gola don ƙarfafa masa gwiwa, bayan wasa ma ba mai zuwa ya haɗa kai da shi. Na tambayi kyaftin Vlado, ya ce, "Maigida, kai ka kawo shi, kai ka buga masa mana." Ruwa ba ya tsami banza. Sun san wani abu ne? Sayar da mu yake yi? In kore shi?

Mai zargi, daga gindin duwatsun Tatra

Mai zargi, na tausaya maka, kuma ban ce sayar da wasa ba ya faruwa ba. In kana da hujja ta gaske, kai wa hukumar gasa. Amma abin da ka lissafo ba hujja ba ne. Gololi sun saba cin abinci tare, don ba mai gane wahalarsu sai junansu. Mutumin da ya ga ana canza gola kamar riga kuwa, me zai sa ya fenta kwalkwali ko ya taso da iyali?

Tambaya ɗaya ka manta: biyun da suka gabace shi, an buga musu sanda? Ina zaton tun ranar da ka ɗaga waya ka sallami Tibor aka daina. Koma ka kalli bidiyon wasanninku, ka bar kallon Radovan, ka kalli 'yan baya. Wa ke kwantawa ya tare ƙwallo da jikinsa? Ba mai ba da haƙarƙarinsa don golan da bai ɗauka nasa ba. A atisaye ba ya buƙatar kowa, shi ya sa yake bango.

Yaran ma ba su kyauta ba, fushinsu da kai suke hucewa a kan baƙo, ka faɗa wa Vlado haka. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa gidan Tibor, ban da waya. Ka roƙe shi ya zo wasa na gaba a yi masa sallamar da ta dace, ya zama shi ne farkon wanda zai buga sanda a ƙafar Radovan a gaban jama'a.

Kada ka kori kowa. In ka kawo na huɗu, shi ma shi kaɗai zai tsaya a raga. Ina yi muku fatan tsira, kai da kulob ɗinka.

Zdenka