Kyandirin Tagar Mama

Dublin, Nuwamba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Bayan haka, an kusa fara nuna wasan kwaikwayon da na rubuta. Ba zan ɓoye miki ba, labarin Yaya Fintan ne: yadda kansa ya taɓu bayan rasuwar Baba, ya bar gida, ya shiga sahun masu kwana a titin Dublin. A ƙarshe uwar ta gaji da jira, ta hure kyandirin taga. Wasa ne kawai, kada ranki ya ɓaci. Don Allah ki aiko min da baƙar kwat ɗinsa, ɗan wasan zai saka.

Ɗanki,
Lorcan

Kilrush, Nuwamba

Lorcan,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ruwan sama ma bai fasa ba. Wato duk shekarun nan ka kasa gano yayanka a gari ɗaya, amma ka samo mai kwaikwayonsa? Sannu da ƙoƙari. Ga kwat nan, na ɗinke aljihun. Aro ne, mai ita zai dawo.

Amma maganar kyandir, ka cire ta. Boko bai mantar da kai ba, ka san kyandir a taga ranar jajiberin Kirsimeti cewa yake ƙofa a buɗe take ga wanda ya rasa masauki. Ni tun da ya tafi kullum nake kunna nawa, ko ranar da aka kwantar da ni asibiti sai da Orla maƙwabciya ta kunna. Kada ka yi min ƙazafi a gaban jama'a.

Allah ya tsare,
Mahaifiyarka

Dublin, Disamba

Mama,

Ina gaisuwa. Ban cire ba, don a nan ne 'yan kallo ke kuka. Ranar Asabar da rana muka nuna wasan kyauta ga mutanen wani gidan marasa galihu. Matar da ta fito a matsayin uwar tana hure kyandirin, sai wata murya daga baya ta ce, "Mama! Kin kashe?"

Yaya Fintan ne. Gemunsa duk furfura. A bakin ƙofa na cim masa.

Ya ce, "Ƙaramin, kwat ɗina ce waccan?"

Na ce, "Taka ce. Wasa ne, Yaya, ni na ƙirƙira. Kyandirin yana nan!"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai da tun kana satar biskit ba ka iya ƙarya ba. Ka gaishe ta, ta ma yi haƙuri da yawa."

Ya fizge hannunsa ya shige cikin mutane. Mai kula da gidan ta ce tun lokacin kaka yake shan maganinsa, har ya tambaye ta motar Kilrush, wai a gida zai yi Kirsimeti. Tun ranar bai koma can ba. Na duba gadoji da ƙofofin coci. Tsoro nake ji, Mama. Ki yafe min.

Lorcan

Kilrush, Disamba

Lorcan,

Ba a rubuta yafiya a takarda. Karɓo kwat ɗin daga jikin wancan bawan Allah, ka rataya a hannu ka ci gaba da yawo, sanyi ake yi. In ka gan shi kada ka yi bayani, ka saka masa kawai.

Na ƙara kyandir a tagar baya, ko da kunya za ta sa ya biyo ta gona.

Mahaifiyarku